Zaizayar Ƙashi Bayan Dashen Kwatangwalo: Kada A Ɗora Wa Gado Laifin Sakaci

Cikin ayyukan tiyata da likitoci suka ƙware a kansu a ƙarnin da ya shige, kaɗan ne suka kai aikin sauya gaɓar kwatangwalo amfani ga ɗan Adam. Mutum ne za a kawo shi asibiti ya shekara biyar ko goma bai taka ƙafarsa da daɗi ba, ba ya iya durƙuso, ba ya iya zaman tahiya, barci kuwa sai dai in ɓarawo ya sace shi. A yanke kan ƙashin cinyarsa da ya lalace, a soka sandar ƙarfe mai ƙwallo a ka cikin ɓargon ƙashin, a kafa wani ƙoƙo a kwarmin ƙugu, bayan 'yan makonni sai a gan shi yana tafiya da ƙafafunsa. Saboda haka ne cikin 2007 wata maƙala a mujallar likitoci ta Lancet ta yi wa aikin laƙabi da tiyatar ƙarni.

To amma ƙarfe da roba ba su zama tsoka da jini ba, suna da wa'adi. Cikin 2019 masana daga Jami'ar Bristol ta Ingila suka tattara alƙaluman rajistar wasu ƙasashe, suka ga cewa kimanin kashi 89 cikin 100 na irin waɗannan gaɓoɓi suna kai shekara 15, kashi 70 suna kai shekara 20, kashi 58 kuwa suna kai shekara 25. Watau wanda ya yi tsawon rai bayan aikin, ba abin mamaki ba ne ya sake komawa ɗakin tiyata. Ɗaya daga cikin manyan dalilan wannan komawa shi ne zaizayar ƙashin da ke riƙe da ƙarfen, har ƙarfen ya riƙa girgiɗi kamar haƙorin da dasashi ya saki.

An daɗe da lura cewa wannan zaizaya ba ta kama kowa daidai wa daida, kuma bincike ya nuna cewa abin da mutum ya gada daga iyaye yana da hannu a ciki. Wannan ilmi ne mai daraja, ya kamata ɗalibai da mahukunta su san shi. Amma lalle ne a auna shi da ma'aunin gaskiya. Rabon gado a cikin wannan matsala bai kai yadda wasu ke zuzutawa ba, kuma abubuwan da za su ceci kwatangwalon ɗan Nijeriya a yau suna hannun ma'aikatu da asibitoci: ingancin kayan da ake dasawa, ajiye bayanai, da bin sawun majinyaci.

Darasin Charnley

Wanda ya aza harsashin wannan aiki kamar yadda aka san shi a yau shi ne Sir John Charnley, likitan ƙashi a asibitin Wrightington da ke arewacin Ingila. A ƙarshen shekarun 1950 ya fara yin ƙoƙon gaɓar da robar Teflon, domin santsinta. Da fari abin ya yi kyau ƙwarai, majinyata suka miƙe. Ba a ɗauki 'yan shekaru ba robar ta cinye, garinta ya tayar da kumburi mai tsanani a cikin nama, ya ɓata ƙashi, ala tilas aka sake yi wa ɗaruruwan mutane aiki. Cikin watan Nuwamba na 1962 ya koma ga wata roba mai tauri da ake kira foliyetilin, ya haɗa ta da ƙaramin ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 22 da ɗoriya, ya kafa su da wani siminti na musamman. Wannan tsari shi ne ya bazu a duniya.

Abin lura game da Charnley shi ne bai sallami majinyatansa ya manta da su ba. Ya riƙa kiransu ana duba su shekara da shekaru, ya nemi izinin wasu cewa in sun rasu a ciro gaɓar a bincika yadda ta zauna da ƙashi, kuma da farko bai yarda a sayar da kayan ga likitan da bai zo ya koyi aikin a wurinsa ba. Da bin sawu ya gano aibin Teflon, da bin sawu kuma ya tabbatar da abin da ya maye gurbinta.

Yadda ƙashi ke zaizayewa

Ƙashi abu ne mai rai. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke aiki dare da rana: magina, masu aza sabon ƙashi, da marusa, masu kankare tsoho. Kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi ake sabuntawa ta wannan hanya kowace shekara. Muddin aikin magina da na marusa ya daidaita, ƙashi na nan da ƙarfinsa.

Wanda aka yi wa dashe yana taka gaɓar wajen sau miliyan ɗaya a shekara, matashi mai kai da kawo kuwa yana iya ninka haka. Kowane taku, ƙwallon yana goga ƙoƙon roba, yana fitar da wata ƙura wadda ido ba ya gani, domin yawancin ƙwayoyinta ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. A shekara ana maganar biliyoyinsu. Jiki kuwa yana da 'yan shara, watau wasu ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye duk baƙon abu. Sukan haɗiye ƙurar, amma ba su iya narkar da ita, sai su yi ta kururuwar neman gudummawa ta hanyar sakin sinadaran kumburi, irin su wanda masana ke kira TNF da danginsa. Wannan kururuwa tana ƙara yawan wani sinadari mai suna RANKL, wanda shi ne ke ba marusa umurnin fita aiki. Akwai kuma wani mai suna OPG da ke taka masa burki. An gano waɗannan biyu ne tsakanin 1997 da 1998. In umurni ya fi burki ƙarfi, marusa sun rinjayi magina, sai ramuka su buɗe a ƙashin da ke kewaye da ƙarfen.

Mugun halin wannan ciwo shi ne shirunsa. Yana tafiya kamar gara a cikin azara: daga waje ɗaki lafiya lau, sai ranar da rufi ya rufta. Mutum na iya shekaru ba ya jin kome alhali ƙashin na ƙarewa, kuma hoton ƙashi ne kaɗai zai tona asirin da wuri.

An ɗauki lokaci kafin a gane mai laifi. Cikin 1976 William Harris na Boston ya ba da labarin irin waɗannan ramuka a ƙashin cinya, cikin 1977 kuma Willert da Semlitsch suka bayyana yadda nama ke amsa garin da ke fita daga gaɓar. Wasu suka zargi siminti, har cikin 1987 aka raɗa wa abin suna ciwon siminti. Da aka koma dasa gaɓoɓi marasa siminti sai zaizayar ta biyo su, nan aka tabbata cewa ƙurar roba ce babbar ummul'aba'isi. Daga baya aka lura cewa in cinyewar robar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita a shekara ba, da wuya a ga zaizaya. A ƙarshen shekarun 1990 aka fito da sabuwar foliyetilin da aka ƙarfafa saƙarta, wadda cinyewarta ta ragu ƙwarai, zaizaya kuma ta ragu tare da ita.

Akwai kuma wata hanyar asarar ƙashi dabam. Tun 1892 Bajamushe Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana ginuwa ne gwargwadon nauyin da yake ɗauka. In sandar ƙarfe ta ɗauke wa saman ƙashin cinya kayansa, sai wurin ya yi laushi don rashin aiki.

Inda gado ya shigo

Duk da wannan bayani, wata tambaya ta rage. Mutum biyu, likita ɗaya ya yi musu aiki da kaya iri ɗaya, robarsu ta cinye daidai, amma ɗaya ƙashinsa ya zaizaye, ɗaya kuwa lafiya lau. Me ya bambanta su? Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma binciken tagwaye ya nuna cewa daga rabi zuwa kashi 80 cikin 100 na bambancin kaurin ƙashi tsakanin mutane daga gado yake. Haka nan zafin da garkuwar jiki ke ɗauka in ta gamu da baƙon abu ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Saboda haka masana suka juya ga ƙwayoyin gado, waɗanda su ne rubutaccen umurnin da ke tsara yawan sinadaran da jiki ke saki.

Cikin 2003 Mark Wilkinson da abokan aikinsa a birnin Shefild na Ingila suka buga sakamakon binciken mutum 481 da aka yi wa dashe, 214 gaɓarsu ta saki, 267 tasu na nan daram. Suka duba wani ɗan bambanci a ƙwayar gadon da ke sarrafa TNF. Kimanin kashi 17 cikin 100 na waɗanda ƙashinsu ya zaizaye suna ɗauke da shi, a cikin masu lafiya kuwa kimanin kashi 11. Wannan bambanci na gaske ne, amma mai karatu ya juya lissafin ya gani: fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda ciwon ya kama ba su da wannan alama ko kusa, kuma akwai masu ita da yawa da ba abin da ya same su.

Bayan wannan, bincike ya yi ta fitowa. A Wrightington aka duba ƙwayoyin gadon OPG da na maƙallin da RANKL ke kamawa. A Shefild aka duba na sauran sinadaran kumburi cikin 2008. A birnin Olomouc na ƙasar Cek aka duba dangantakar irin waɗannan bambance-bambance da tsananin zaizayar kwarmin ƙugu cikin 2009. Kowane ya sami wata alama, amma sau da yawa abin da aka gani a wannan gari ba a sake ganinsa a wancan ba, domin yawan mutanen da ake gwadawa bai taka kara ya karya ba.

Sai cikin 2019 aka buga wani bincike mafi girma, inda aka tace ɗaukacin rubutun gado na mutum fiye da 3,000 daga Norwe da Ingila. An sami wurare da ke ɗaukar hankali, amma babu ko ɗaya da ya haye mizanin da masana suka gindaya na tabbaci. Fassarar wannan a fili take: babu wata ƙwayar gado guda ɗaya da za a nuna da yatsa a ce ita ce ta zaizayar ƙashi. Abin da ya fi kama hankali shi ne ƙananan bambance-bambance ne masu yawa, kowane da ɗan guntun tasirinsa, suke haɗuwa da yawan ƙurar roba, da shekarun mutum, da irin zirga-zirgarsa.

Wannan ba ya nufin an yi wahalar banza. Sanin hanyar da umurni ke bi ya buɗe ƙofar magani. Cikin 2021 masanan Shefild suka ba da rahoton wani ƙaramin gwaji na mutum 24, inda allura ɗaya ta denosumab, maganin da ke toshe RANKL, ta rage yawan marusa ƙwarai a bakin ramukan. Gwajin na share fage ne, bai kai ga nuna cewa allurar tana hana sake tiyata ba, amma ya nuna inda aka dosa.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, duk wanda ya zo da wani gwajin yawu ko na jini yana cewa zai faɗa wa mutum ko kwatangwalonsa zai daɗe, to ya riga malaman fannin sani, kuma kuɗin mai saye ne kawai zai yi ciwo. Na biyu, kada kalmar gado ta zama mafaka. In aka dasa wa mutum roba maras inganci, ko aka kafa ƙoƙon a karkace har cinyewarsa ta yi sauri, ba daidai ba ne a sallame shi da cewa jininsa ne ya ƙi ƙarfen.

Ma'aunin wasu

Akwai wani gibi kuma. Dukan binciken da aka ambata a sama a kan Turawa aka yi shi. Cikin 2016 wani nazari a mujallar Nature ya nuna cewa kimanin kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka sa cikin manyan binciken gado a duniya 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa wajen kashi 3 kacal. Alhali kuwa Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado. Cikin 2020 masanan shirin H3Africa suka karanta rubutun gado na mutum 426 daga ƙabilu 50 a ƙasashe 13, har da Birom na Jihar Filato, suka sami bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Saboda haka ko da gobe aka ƙera ma'aunin haɗari a Shefild ko Oslo, ba za a ɗauko shi a auna mutumin Kano ko Damagaram da shi kai tsaye ba, sai an gwada shi a nan tukuna.

Gadon da ya fi damun wannan ƙasa

In ana maganar gado da kwatangwalo a Nijeriya, akwai wanda ya sha gaban duk waɗannan, shi ne amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 24 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar, kuma ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da ciwon kowace shekara. In mace da namiji masu ɗauke da ita suka yi aure, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu.

Ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Kan ƙashin cinya kuwa hanyoyin jininsa kaɗan ne, in suka toshe sai ƙashin ya mutu, daga baya ya lotsa. Wani bincike da aka buga a Amurka cikin 1991 kan masu ciwon 2,590 ya sami kusan kashi 10 cikin 100 da wannan matsala, kuma ya nuna ta fi yawa ga waɗanda suka haɗa sikila da wani gadon jini da ake kira alfa talasimiya.

Bambancin da ke nan babba ne. A Turai yawancin masu sauya kwatangwalo sun haura shekara 60, amosanin gaɓoɓi na tsufa ne ya kai su. Mai sikila kuwa sau da yawa yana tsakanin shekara 20 da 35, ɗalibi ne ko sabon ma'aikaci ko matar aure mai goyo. Aikinsa ya fi wuya, domin ramin ɓargon kan tsuke ya yi tauri a wani wuri, ƙashin ya yi laushi a wani, ga saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta, ga bukatar ƙarin jini. Daɗin daɗawa, ya fi tsoho zirga-zirga, saboda haka ya fi shi fitar da ƙurar roba. Wanda aka yi wa dashe yana ɗan shekara 25, in Allah ya ja kwanansa zuwa 60, yana bukatar gaɓar ta yi masa shekara 35, abin da ya zarce wa'adin da alƙaluman Bristol suka nuna ga masu yawa. Haka abin yake ga matasan da haɗarin mota ya farfasa wa ƙugu.

Aiki na biyu kuwa ya fi na farko tsada, ya fi shi daɗewa da zubar jini, kuma nasararsa ta dogara ga yawan ƙashin da ya rage. Wanda aka gano zaizayarsa da wuri, wani lokaci sauya robar kaɗai da cike ramin ya isa. Wanda ya zo bayan ƙashin ya ƙare sai an nemo ƙarafa na musamman da ƙashin ciko, iyali su sayar da gona ko fili.

Abin da ya wajaba a yi

Na farko shi ne rajistar ƙasa wadda doka za ta ɗora wa kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi. Duk gaɓar da aka dasa a rubuta sunan majinyaci, da shekarunsa, da dalilin aikin, da kamfanin da ya ƙera kayan, da lambarsu, da ranar da aka sake aiki in an sake. Suwidin ta fara tata ta kwatangwalo cikin 1979, Norwe cikin 1987, Ostireliya cikin 1999, Ingila da Wales suka fara tattara bayanai cikin 2003. Amfanin rajista ya bayyana cikin watan Agusta na 2010, lokacin da kamfanin DePuy ya janye gaɓarsa mai suna ASR, mai ƙarfe a kan ƙarfe, bayan an dasa wa mutum wajen 93,000 a duniya. Alƙaluman rajistar Ostireliya da ta Ingila ne suka nuna tana lalacewa fiye da ƙima. A Indiya kuwa, inda aka dasa wa kimanin mutum 4,700, rahoton wani kwamitin gwamnati cikin 2018 ya nuna cewa mafi yawansu ba a gano inda suke ba. Wannan ya isa ishara ga ƙasar da 'ya'yanta da yawa ke zuwa Indiya da Masar neman wannan aiki.

Wani zai ce ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wajen haihuwa ba ta da sukunin wannan. Amsa ita ce rajista ba injin miliyoyi ba ce, takarda ce da kwamfuta da ma'aikaci mai riƙon amana. Malawi, wadda arzikinta bai kama ƙafar na Nijeriya ba, ta kafa tata cikin 2005. Asibitocin ƙashi na tarayya, irin su na Dala a Kano wanda aka kafa cikin 1959, da na Igbobi a Ikko, da na Inugu, tare da asibitocin koyarwa na jami'o'i, su ne ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ɗora wa jagorancin aikin, ta kuma ware masa kuɗi a kasafi.

Na biyu, kowane majinyaci a ba shi kati mai ɗauke da cikakken bayanin abin da ke jikinsa. Wanda zai fita waje kuma kada ya baro asibitin sai da wannan bayani da hoton farko na bayan aiki, domin da shi likitan gida zai riƙa kwatanta na gaba. Likitan da zai sake aiki bai san irin ƙarfen da zai tarar ba, tamkar makanike ne da aka kawo wa mota ba suna ba lamba.

Na uku, a mayar da duba lokaci lokaci wani ɓangare na aikin kansa. Tun da ciwon shiru yake, jiran zafi kuskure ne. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa. Ya dace hukumar da takwarorinta na jihohi su sa kuɗin hoton bin sawu da na aiki na biyu cikin abin da suke ɗauka, musamman ga masu sikila.

Na huɗu, Hukumar NAFDAC, wadda kula da kayan aikin likita ke cikin hurumin ta, ta tsananta a kan abin da ake shigowa da shi. Jami'an sayen kaya a ma'aikatu su ma su sani cewa arha a nan ba ta ado. Robar da aka rage wa kuɗi kaɗan a yau, ita ce za ta jawo aikin da ya ninka kuɗin gobe. Matashi ya fi kowa cancantar robar da ba ta saurin cinyewa.

Na biyar, a yi binciken gado a nan gida, amma a bisa tsari. Rajista ce gindinsa, domin ba a gane wanda gadonsa ya cutar sai an san wanda gaɓarsa ta saki da wanda tasa ta zauna, da irin kayan da aka sa wa kowanne. A ɗauki jini da yardar mai shi bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanin gado cikin abubuwan da ke bukatar tsaro na musamman. Ya rage a tabbata ba a yi amfani da shi wajen hana mutum aiki ko inshora ba, kamar yadda Amurka ta haramta da doka tun 2008. Ga ɗaliban likitanci da na kimiyya, wannan fage ne da ke jiran manoma.

Na shida, a tare ruwa tun daga mafari. Gwajin jini kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka cikin 2024, da gwajin jarirai, da sauraron yaro mai sikila in ya fara kukan ciwon matsematsi ko ɗingishi, duk suna rage yawan waɗanda za su kai ga ƙarfe. In an gano mutuwar ƙashi kafin ya lotsa, akwai matakan da likita zai iya ɗauka don jinkirta dashe, kuma kowace shekara da aka jinkirta riba ce. Maɗoran gargajiya suna da matsayinsu a cikin al'umma, amma ƙashin da jini ya yanke wa ba ya jin ɗori, kuma mafi alherin da za su yi wa irin wannan majinyaci shi ne su tura shi asibiti da wuri.

Shi ma wanda aka yi wa aikin yana da nasa rabon. Ya kiyaye ranar komawa asibiti ko da yana jin garau, ya guji taba, ya kula da nauyin jikinsa, ya rage ɗaukar kaya masu nauyi da tsalle-tsalle. In ya ji sabon ciwo a matsematsi ko cinya, ko ya ga ƙafar ta fara gajarta, kada ya tsaya shafe-shafe.

Ba wanda ya zaɓi iyayensa, kuma ba likitan da zai sauya wa mutum abin da ya gada. Amma ingancin roba, da daidaiton hannun likita, da takardar da aka cike aka adana, da hoton da aka ɗauka a kan kari, duk zaɓi ne na mutane, kuma za a tambayi waɗanda aka damƙa wa amanarsu. Matasan da ake dasa wa ƙarfe a bana za su dawo asibiti nan da shekara 15 ko 20. Abin da likitan wannan rana zai tarar a cikin fayil ɗinsu, ma'aikatan yau ne za su rubuta shi.